Dutsen da Ke Nuna Kabarin Mijina

Mijina ya rasu yana aikin gini a wani ƙauye na bakin teku, yamma da Iskandariyya. Ina can gida, a unguwar Ainu Shams, lokacin. Kafin labari ya iso ni abokan aikinsa sun rufe shi, kuma kamar yadda muka saba, ba su rubuta komai a kansa ba. Ko sun rubuta ma, ban san alif ba a lokacin.

Da na fita takaba, ɗayansu ya kai ni. Maƙabartar tana kan tudu. Can cikin ruwa akwai wani dutse mai huji a tsakiya, kamar ƙofar da aka manta a gina mata ɗaki. Ya ce, "Hajiya, ki bi layin nan na jikin katanga har ki hango sama ta hujin can. Inda kika tsaya, nan ne."

Haka na yi shekaru. In je, in hango, in yi addu'a, in dawo.

Sai na shiga makarantar manya, ina da jika biyu. Da hannuna ya faɗa, na sa aka yanko mini allon marmara a unguwar Darrasa, na rubuta sunansa da kaina, mai sassaƙa ya bi rubutun har da karkatarsa. Na rungumo shi a mota, ni da 'yata.

Muka hau tudun. Na hanga teku, ruwa ne kawai.

Mai gadi ya ce igiyar ruwa ta kayar da dutsen a sanyin bara. Ya ba ni haƙuri da Larabcinsu: "Ma'alish, ya hajja."

Na ce, "Kuna ina ya faɗi?"

Ya ce suna nan.

Kaburburan layin duk iri ɗaya. 'Yata ta nuna wani. "Umma, ina jin wannan ne."

"Kina ji, ko kin sani?"

"To ki kafa kawai, ai duk Musulmi ne."

"Ubanki da ransa ko takalmin wani bai taɓa sawa ba. In ɗora sunansa a kan mijin wata, ta zo ta tarar?"

Na bi layin daga farko har ƙarshe ina wa kowa addu'a. Waɗanda ba su san ni ba ma sun samu.

Allon yana gidana, a bayan ƙofa. Nauyi gare shi. Yana hana ta bugawa.