Buhu Mai Jar Alama

Mai gyaran salula a kasuwar Magaria ya ce mini abin da ya kashe wayata ba waƙa ba ce, wata ɓarna ce aka raɗa wa sunan waƙa. Wai wata na'urar wutsiyar sunan fayil kawai take dubawa ta buɗe masa ƙofa, wata sai ta leƙa ciki, wata kuma ba ta motsi sai mai ita ya ba da izini. Na ce masa ni da ban wuce aji biyu a lakwal ba na riga shi sanin wannan, a kan buhun gyaɗa.

Shekarun da suka biyo bayan babban fari ne. Mutanen gidanmu sun tsallaka iyaka neman abinci, ni aka bari, sai aka ba ni gadin mangazar iri a bayan Dogo-Dogo. Ɗaki ne na kwano a tsakiyar fili, daga ni sai ƙadangaru. Malamin gona da ya ɗauke ni ya san karatuna, don haka ya taƙaita mini aikin. Buhu mai jar alama iri ne da aka barbaɗe da jan garin maganin tsutsa, guba ne, na ƙasa ne. Buhu marar alama na baki ne. Har 'yan ƙauyukan Guci sun haddace wannan, suna hango ja su janye hannu.

Cikin ladana akwai ɗan buhun gyaɗar ci. Wannan buhu ya yi mini abokai da yawa, irin waɗanda ke gaishe ka idonsu na bayanka. Mutum ɗaya ne yake zuwa don ni, wani dattijon Bafillace mai noma da kiwo, wanda ke bi da shanunsa ta nan zuwa rijiya bayan azahar. Yakan ajiye ƙwaryar nono, in soya gyaɗa a kasko, mu zauna a inuwar bango.

"Kaɗo, har yanzu ba a sace ka ba?" haka yake sallama.

"Baffa, wa zai saci abin da sai an ciyar da shi?"

Da na ga 'yan gaisuwa za su ƙarar da ni, sai na sami tsohon buhu mai ja, na wanke shi da toka, na shanya, na juye gyaɗata ciki. Washegari suka zo, suka ga ja, suka tuna suna da uzuri. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Baffa kuwa da ma bai taɓa duban bayan buhu ba. Hannu yake zurawa, ya murza, ya dubi tafinsa, ya sansana. Ya ga babu jan gari, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Kai da buhunka duk maƙaryata ne. Ɗora kasko."

To, fili ba ya rufa asiri. Wani ya hango mu muna ci daga jan buhu, magana ta zaga cewa jar alamar nan dabara ce ta hana talaka ci. Da aka raba iri gab da damina, wata mata ta ɗebi nata ta fara gwadawa a kan kajinta. Allah ya sa a kan kaji ta tsaya, domin ko ɗaya ba ta kai la'asar ba.

Malamin gona ya zo a kan babur, bai ko yi faɗa sosai ba. Ya ce alama ta mutu tunda an ga ta yi ƙarya sau ɗaya. Na ce to a riƙa buɗe kowane buhu ana dubawa, kamar yadda Baffa ke yi. Ya ce buhun da aka farke ƙwari ne ke gadonsa, kuma ba kowane hannu ya iya dubawa ba. Abin da ya yanke shi ne a kewaye mangaza da ƙaya, makulli ya koma aljihunsa, ba mai taɓa buhu sai yana tsaye, ba mai zama a inuwar bango. Gyaɗata ma sai a gari zan riƙa karɓa, mudu mudu.

Gaskiya tun daga nan ko kaza ba ta ƙara mutuwa ba. Amma shanu ba sa son ƙaya, hanyar rijiya ta karkata. Baffa yakan tsaya can nesa, sanda a kafaɗa, ya ɗaga murya.

"Kaɗo, yau ja ne ko fari?"

"Yau babu ko ɗaya, Baffa."

Sau da yawa na ce zan tsallaka in same shi, amma gardin da ya bar ƙofa ba gardi ba ne, kuma babur ɗin malamin gona ba ya sanar da zuwansa. Da ruwa ya sauka Baffa ya tura shanun arewa da 'ya'yansa, shi ya tsaya gona, gonar kuwa ba ta wajena take ba. Na ci gaba da ɗora kasko bayan azahar, har na lura rabin abin da nake soyawa kullum ƙadangaru nake zuba wa.