Shekara Arba'in da Uku a Bayan Taga

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ƙanena ya cika, wanda duk tashar mota ta sani da Mai Taga. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ya bar ni, ni da na girme shi da shekara tara, nake kuma zaton shi zai tsaya a bakin kabarina.

Ƙanena, ka san ban yi makaranta ba. Faɗa nake yi, 'yarka ta biyu tana rubutawa. Na sa ta yi min alkawari ba za ta gyara min magana ba, ba kuma za ta ajiye biro ba sai na gama.

Shekara arba'in da uku ka yi a ɗakin yankan tikiti. Taku uku ne tsawonsa, faɗinsa biyu. Kujerar ƙarfe, fankar da ba ta juyawa sai gefe guda, taga mai sanduna biyar da 'yar kafa a ƙasa inda hannu ke shiga. Mutane da yawa hannunka kawai suka sani, da rabin fuska. Amma ta wannan kafar alheri ya fita da yawa. Kai ke gaya wa mai jego ta zauna ta hagu a mota, rana ba za ta sami jaririn ba. Wata tsohuwa ta manta ƙullin maganinta, ka ajiye shi wata bakwai kana tambayar kowane direba, har ka gano ƙauyensu. Ka san kowace gada da kowane rami na hanyoyin da ba ka taɓa takawa ba, duk daga bakin direbobi.

Kunnenka kuwa ba a magana. Mota na shigowa sai ka leƙo ka ce, "Kada ka yi lodi, bel ɗin injinka ba zai kai gada ta biyu ba." Wanda ya yi gardama, janwe ne ke dawo da shi. Su kan tsokane ka: "Mai Taga, fito ka ja ta mana, ko zuwa bakin ƙofa ne!" Sai ka yi dariya ka ce, "Tauraro bai sa hannu ba."

Su wasa suka ɗauke ta. Ni na san ba wasa ba ce.

Kana da shekara ashirin wani mai manyan motoci ya ce zai koya maka tuƙi da gyara. Ban taɓa ganinka da murna irin ta ranar ba. Sai wani aboki ya ja ka wurin mai duban taurari, wai a san sana'ar da ta dace da kai kafin ka sa ƙafa. Mutumin ya tambayi sunanka da sunan mahaifiyarka, ya yi lissafinsa a kan takarda, ya ce tauraronka na ƙasa ne, abincinka a zaune yake. Ya ce ranar da ka hau hanya neman abinci, hanya za ta ci ka, kai da abin da ka haifa. Ka naɗe takardar, ka sa a aljihu, ka je ka nemi aikin taga.

Mun yi faɗa a kan wannan har furfura ta fito mana. Na ce gaibu na Allah ne, ka ce ka yarda, amma lissafi lissafi ne. Na ce maka matsoraci. Ka ce min mai taurin kai. Duk surutuna, kalma ɗayar da za ta buɗe maka ƙofa ita ce na riƙe.

Ni ake zuwa tambaya shekarar da aka haifi wane, da wanda ya auri wance. Ba na mantuwa. To, sunan da ka ba mutumin nan ba na mahaifiyarka ba ne. Inna da ka sani, ƙanwar mahaifiyarmu ce. Wadda ta haife mu ta rasu kana da kwana shida. Inna ta ɗauke ka, daga baya Baba ya aure ta, muka bar garin. Ta kama kunnena ina ɗan shekara tara, ta sa na rantse ba za ka ji daga bakina ba muddin kana numfashi. Ba ta haihu ba, kai ne nata.

'Yarka ta tsaya da rubutu a nan. Na tuna mata alkawari.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Bayan rasuwar Inna na je wurin wani mai irin lissafin, ni da nake zagin masu zuwa. Na ba shi sunanka da sunan mahaifiyarmu ta gaskiya. Ya ce, "Wannan ai na iska ne. Idan aka zaunar da shi wuri ɗaya, sai ya bushe." Har yau ban yarda da na farko ba, ban yarda da na biyu ba. Amma kai ka yarda, da kuma na kai maka, da ka fito. Lokacin shekararka arba'in da ɗaya, ƙarfinka na nan. Na zo har bakin tagar, ka miƙo hannu ta kafar nan muka gaisa, ka ce, "Yaya, ina zuwa?" Na ce babu ko'ina. Na ce wa kaina na rantse, kuma ni ba na tashi daga magana. Kai takarda ta tsare ka, ni rantsuwa. Ban san wanda ɗakinsa ya fi ƙunci ba.

Abin da ya sa ban tafi da wannan magana kabari ba shi ne wannan yarinyar. Ita ta gaji kunnenka. An ba ta gurbi a makarantar koyon gyaran injin jirgin sama, ranar Litinin ake rufe karɓa. Shugaban tasha kuma, don girmama ka, ya ce ta zo ta hau kujerarka. Jiya na same ta da takardarka, ta tsince ta a aljihun rigarka, duk ta yi laushi kamar tsumma. Ta ce, "Baba babba, an ce har da abin da ya haifa." Shi ya sa na ce ita za ta rubuta.

Yanzu ba ka numfashi, rantsuwata ta sauka. Ranar Litinin da sassafe ni zan riƙe mata jaka zuwa tasha. Duk wanda aka zaunar a tagarka, shi zai yanka mata tikiti. Za ta zauna ta hagu.

Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, da direbobin da suka kashe injinansu ranar jana'izarka. Ka yafe min, ƙanena, idan ana yafewa daga can. Allah Ya gafarta maka, Ya gafarta wa Inna, don ƙauna ce ta sa ta. Allah Ya yalwata kabarinka iyakar ganin ido, Ya buɗe maka ƙofa a cikinsa, ba taga ba. Ya sada ka da uwar da ta san ka kwana shida. Amin.