Katifar Gidan Mai Katifa

Ibrahimu ɗan yankin Jazira ne. A gefen gonar auduga aka haife shi kusa da Wad Madani, inda mahaifinsa ya tsufa yana tsintar audugar wasu. Da aikin gona ya ja baya sai Ibrahimu ya taho Khartum, ya kama rumfa a unguwar Alshajara bayan layin masu walda, yana shiɓar auduga yana ɗura katifa. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne babu daɗi. Idan aka kawo masa katifar da yaro ya jiƙa, sai ya farke ɗinkin yana toshe hanci, ya sallami mai ita da baƙar magana.

Sai ga shi a shekarar 1997 autarsa Iman, yarinya mai shekara takwas wadda ta daina jiƙa shimfiɗa tun da aka yaye ta, ta soma fitsarin kwance. Kullum da safe matarsa Awadiyya sai ta ɗora katifar a kan katanga, katangar kuwa gajera ce, duk mai zuwa tashar bas yana gani.

Ibrahimu ya kira ta da sunan ɗansu na fari. "Ummu Salah, ba za ki shanya ta a ciki ba?"

"A ciki ina? Rana ce za ta biyo ta ɗaki?"

Babu abin da bai gwada ba. Ya hana yarinyar ruwa daga la'asar, a wannan zafin na Khartum, har leɓenta ya tsage, ta koma satar sha a randa. Ya tsallaka Omdurman ya karɓo rubutu. Mahaifiyarsa Gogo ta dafa hulba, yarinya ta sha tana yamutsa fuska. Ya yi tsawa, ya zare ido, wata rana har ya sa ta wanke zanen gado a ƙofar gida don ta ji kunya. Kunya kam ta ji, amma abin da ke zuwa jefi-jefi sai ya zama na kullum. Sau uku yana zazzage audugar yana ɗura sabuwa, yana ƙwafa yana cewa shi da ke gyara wa gari shimfiɗa ya kasa gyara ta gidansa.

Maƙwabciyarsu Sittana, wadda ke aikin jinya a wani asibitin yara, ta shigo ran nan ta tarar ana wannan rigima. Ta tambaya yaushe abin ya fara.

Awadiyya ta sunkuyar da kai. "Makon da aka ɗauke Salahuddin."

Salahuddin shi ne babban ɗansu. Yana dawowa da Iman daga gidan gwaggonsu, sojoji suka tare bas ɗin kusa da gada, suka sauke samari zuwa aikin soja na dole. Yarinyar aka bari a kujera, wata mata ce ta rako ta gida. Tun ranar Ibrahimu ya hana a tayar da zancen, don kada Awadiyya ta riƙa kuka.

Sittana ta ce, "Abu Salah, babu yaron da ke yin wannan da gangan. Wani nauyin barci ne, wani gado ne, wani ciwon mara, wani kuma firgici. Ku kai ta a auna fitsarinta. Amma tsawa da hana ruwa ƙara shi suke yi."

"To ni yanzu guɗa zan yi mata?"

"Ka yi shiru kawai. Shi ma magani ne."

Aka auna, ba a ga ciwo ba. Ibrahimu ya sayo leda mai kauri, ya ɗinka wa yarinyar siririyar katifa da riga mai cirewa, yana ɗinki yana mita. Shirun ne ya fi ba shi wuya. Da safe sai ya ga zane a igiya, ya buɗe baki, Gogo ta harare shi, ya haɗiye ya fice ko shayi bai sha ba.

Wata rana Iman ta kawo masa abinci rumfa, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Baba, kai ma za su sauke ka a bas?"

Ya ajiye allura. "Ni? Me za su yi da tsoho mai tari? Zauna mu ci." Daga nan ya ɗage dokar, aka koma ambaton Salahuddin a gida, ana yi masa addu'a da ƙarfi.

Bayan shekara da wani abu Salahuddin ya dawo, a rame, zazzaɓi na cin sa. Ibrahimu ya ɗauka an gama. Washegari ya fito alwala, sai ga zane a igiya.

"Ai ga shi nan ya dawo! Kuma mene ne?"

"Ka rage murya, tana ji," in ji Awadiyya.

A hankali abin ya riƙa ja da baya, yau akwai, mako guda babu, har ya ɗauke tana wajen shekara goma, ba wanda ya san ranar. Ba a daɗe ba ƙurar auduga ta kama ƙirjin Ibrahimu, Salahuddin ya karɓi rumfar. Shi kuwa tsohon yakan zo da hantsi ya zauna a benci, yana tari, yana kushe ɗinkin ɗansa.