Ranar da Foman Ya Daina Nuna Shi

Sana'ata sayen durom-durom da jarkokin da masana'antu suka gama amfani da su, in wanke in sayar. Da baro na fara a Bompai, a nan Kano. Yau motocina ke shiga Sharada da Challawa, kuma babu mai gadin da ke tambayata wurin wa na zo. Dalilin da ya sa ke nan maƙwabcina ya kawo mini ɗansa, mai karatun digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Yana bincike ne a kan leburan rana na kamfanonin jima, ko'ina ya je ana mayar da shi daga bakin ƙofa, shi ne uban ya roƙe ni in yi masa hanya.

Leburan rana su ne waɗanda ke taruwa a ƙofar kamfani da sassafe. Foman, wato shugaban leburori, ya fito ya riƙa nunawa da yatsa, kai, kai, da kai. Wanda aka nuna ya samu aikin ranar, sauran su watse. Ba a ɗauke ka ba, balle a ce an kore ka.

A cikinsu akwai wani dattijo mutumin Damagaram da muka daɗe da sabawa, don shi ke ware mini durom ɗin da ba su huje ba. Ya yi shekara da shekaru a kan injin kankare fata, har injin ya cinye masa yatsu a hannun hagu. Kullum shi foman ke fara nunawa. Da wannan aikin yake ciyar da iyalinsa a can gida. Da farko ya ƙi magana da ɗalibin. Sai da yaron ya rantse a gabana cewa sunan kowa ba zai fito ba, sannan ya yarda. A rumfata suka zauna, ya zazzage masa komai: yadda ba a ba su safar hannu, yadda aka ɗaure masa hannu da tsumma ranar da ya ji ciwo aka ce ya je gida ya huta, ba tare da an kai shi asibiti ba.

Watanni suka wuce. Ashe a jami'a an shirya taron gabatar da abin da ɗalibai suka gano, kuma malamin yaron, don a ce binciken ya isa ga masu ruwa da tsaki, ya gayyato manajojin kamfanoni. A gabansu yaron ya tashi ya karanta labarin wani ma'aikaci ɗan Nijar, dattijo, wanda injin kankare fata ya yanke wa yatsu. Aka tafa masa.

Washegari foman ya fito ya nuna na dama da dattijon, ya nuna na hagu, ya tsallake shi. Haka jibi, haka gata. Mutumin bai daina zuwa ba. Yakan tsaya har a rufe ƙofa, sannan ya koma ɗakin da yake haya.

Da labari ya iso gare ni na sa aka kira mini ɗalibin. Ya zo yana murmushi, yana zaton barka zan yi masa. Da na gaya masa, sai ya ce, "Baba, wallahi ban sa sunansa ba. Ko sunan kamfanin ban faɗa ba."

Na ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. A duk Challawa, Badamagare nawa ne mai guntun hannu a kan wannan injin? Da ka faɗi sunansa ma ya fi, don masu irin sunan suna da yawa."

Ya yi ta kawo mini ƙa'idojin bincike, wai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wai kwamiti ya duba ya amince. Na tambaye shi ko akwai ɗan kwamitin da ya taɓa tsayawa a ƙofar kamfani yana jiran yatsan wani. Na ja shi muka je wurin malamin nasa. Wannan shi ya fi ba ni haushi. Ya ba mu kujera, ya ce abin takaici ne, amma irin wannan fallasa ce ke kawo gyara a nan gaba, kuma abin da ya faru da dattijon ma ya isa a yi wani rubutun a kansa. Na tashi ban yi sallama ba, don in na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na dattawa ba ne.

Na je wurin foman, wanda muka ci abinci a kwano ɗaya ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Alhaji, ni na kore shi? Ga ƙofa nan, kullum yana zuwa." Na ce ya nuna shi gobe mana. Ya kalli benen manaja, ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Na zagaya sauran kamfanonin jima da nake hulɗa da su, amma manajojinsu duk suna zaune a wancan taron.

Na ba dattijon aikin wankin durom a wurina. Ya gwada, amma hannun ba ya riƙe buroshi, ga shi mutum ne da ba ya son a biya shi don tausayi. Kafin damina ya ce zai koma gida ya kama noma, duk da gonar ba ta taɓa riƙe su ba, ita ce ma ta koro shi Kano. Ni na kai shi tasha. Ɗalibin ya biyo mu, ya durƙusa yana ba shi haƙuri. Dattijon ya ce ya tashi, ya yafe masa, yaro ne. Ni ban ce na yafe ba, kuma ban ɗauko yaron a motata ba da zan dawo.