Yaron da Bai Taɓa Yi wa Kowa Fitsari Ba

A gidanmu, idan jariri ya tsula miki fitsari ba a ce miki sannu, barka ake yi miki. Wai aurenki ya zo. Mama ta yarda da maganar nan kamar a coci aka karanto mata ita. Ni kuwa ga ni auta, na gama makaranta, ina zaune a Samaru ina sayar da turare ta waya, saurayin kirki ko ɗaya babu. Don haka da Yayata ta haifi namiji a Sabon Gari, Mama ta ga hanya ta samu.

Duk Asabar in na je, kafin in ajiye jaka ta kwance masa famfas ta dangwara mini shi a cinya.

"Riƙe shi da kyau. Kai kuma maigida, taimaki Antinka mana, ta kusa tsufa a gida."

Maigida ko a jikinsa. Ɗan maƙwabciyarsu, sa'ansa, ranar da aka kai shi coci ya wanke fasto tas da fitsari, har kwat. Namu kuwa bai taɓa feshe kowa ba. Nan da nan ya yi suna a dangi, yaro mai kunya. Babansa har ƙirji yake bugawa, wai ɗansa ya san mutunci tun a zanen goyo.

Wata Asabar na ce yau sai na ajiye shaida. Na kunna bidiyo. Yaro ya ƙanƙance ido, ya hau nishi kamar mai ɗaga buhun masara, can sai ga abu ɗis, ɗis, ɗis a zanena. Na tura gurup ɗin gidanmu na rubuta: "Jama'a ga rabona. Mijin na tafe, amma a ƙafa yake." Aka sha dariya har dangin Kafanchan.

Sai zazzaɓi ya fara. Ya tafi, ya dawo. Aka ce haƙori ne, aka ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Da ya fara ƙin nono yana ramewa, muka ɗauke shi sai asibiti, ni ce 'yar riƙon jaka.

Likitar ta danna mararsa, ta ji ta yi tauri. Ta dubi Yaya.

"Yaya fitsarinsa?"

"Yana yi, likita. Kullum famfas a jiƙe."

"Tsartuwa yake yi ko ɗiga?"

Yaya ta kalli Mama. Mama ta gyara ɗankwali.

"Ai likita, yaron nan kunya gare shi. Ko ni kakarsa bai taɓa ɓata mini zane ba."

Likita ba ta yi dariya ba. A nan na tuna da abin da na ɗauka ran Asabar ɗin nan. Na lalubo bidiyon na miƙa mata. Ta kalla, ta sake kalla, ga muryata a ciki ina ƙyaƙyata dariya.

Aka yi sikanin. Ƙodojinsa duka biyu sun kumbura. Ta zana mana a takarda: wata 'yar fata ce aka haife shi da ita a cikin hanyar fitsari, ta tare hanyar. Fitsarin ba ya fita duka, sai ya taru ya koma sama yana danne ƙoda, zazzaɓin ma daga nan yake. Ta ce in aka bar shi haka, ƙodojin za su iya lalacewa gaba ɗaya.

Aka kwantar da shi, aka sa masa robar fitsari, zazzaɓi ya sauka. Daga baya aka yi masa aiki ta hanyar fitsarin, ko yanka ba a yi ba. Da za a sallame mu likita ta nuna ni.

"Ke mai bidiyo, ki ɗauko mini yadda yake yi yanzu."

Da safe muka shimfiɗa leda a tsakar ɗaki muka kwantar da shi tsirara. Manya huɗu mun kewaye jariri muna jira. Babansa ya ƙi zuwa shago. Mama tana lallashi: "Haba maigida, yau a ajiye kunya." Ni na durƙusa da waya, na matso sosai don hoto ya fita.

Bai ko yi nishi ba. Ji na yi kawai abu mai ɗumi ya daki wayar, ya haye fuskata, ya sauka a sabon kitsona. Mama ta rangaɗa guɗa. Yaya tana dariya tana kuka. Baban yana ta "Ƙara mata! Ƙara mata!"

Bidiyon rabinsa silin ne da ihuna, amma likita ta ce abin da ta gani ya ishe ta. Har yanzu muna kai shi ana duba ƙodojin, ta hagun ce ake sa wa ido sosai.

Mama dai tuni ta zagaya kasuwar Sabon Gari ta zaɓi atamfar anko. Mijin shiru. Wayata kuwa tun ranar, duk wanda ya kira sai in ji shi kamar daga cikin rijiya yake magana.