Cokalin Shayin da Ya Cinye Risalar Abokina

A lokacin ina shekara ta uku a jami'a a Alƙahira, ni da wani ɗan garinmu muna ɗaki ɗaya a Madinat Nasr. Shi mutum ne mai haƙuri, kullum kansa a sunkuye yana rubuta risalarsa ta digiri na biyu. Ni kuwa ɗan ganin dama ne, Allah ya ba ni kan lissafi, na ɗauka ya ba ni duniya. A wata ahwa ta Ard al-Liwa, inda ake shan shayi bayan la'asar, na koyi tawla, wasan da ake jefa ƙwaya biyu irin na lido ana tseren fitar da 'ya'ya. A teburinmu akwai ƙa'idar ninki: wanda ya ga ya fi ƙarfi sai ya ninka wasan. Ka ƙi, ka ba da maki ɗaya a sake sabo. Ka karɓa, komai ya zama biyu. Wani dattijo Basudane da ya koya mini ya sha gaya mini in ƙirga gidaje kafin in dubi fuskar kowa, domin allo ba ya ƙarya.

Sai na raina ƙirga, na koma karatun fuska. Akwai wani ɗan kasuwar Ataba da muke yawan karawa, na lura duk sanda ya ninka alhali ba shi da ƙarfi, sai ya riƙa juya shayinsa da cokali ko da sukarin ya narke. Wata guda ina kama shi da wannan, ina ci, ina baza haƙora. Ran nan ya ce mu buga zuwa maki bakwai, ya ajiye sabuwar waya a tebur, ya tambayi me zan ajiye. A jakata akwai kwamfutar abokina da muke ɗaki ɗaya, ya ba ni in kai a gyara mata caja. Wallahi na san caca ce, na san ba tawa ba ce, amma na ciro ta na ajiye.

Ina da biyar yana da uku sai ya ninka. Na ƙirga. 'Ya'yana biyu suna tsirara a gidansa ba kariya, in ya kama su zai iya gama fitar da nasa ban fitar da ko ɗaya ba. Wannan shi ake kira mars, maki biyu ne, da ninki ya zama huɗu, ya kai bakwai ke nan. Lissafi ya ce in ƙi, in ba da ɗaya, har yanzu ni ne a gaba. Dattijon yana gefe ya yi tari ya kau da kai. Sai na ji ƙarar cokali a kofin ɗan kasuwar. Na yi murmushi na ce tamam, na karɓa. Jifa biyu ya kama 'ya'yan nan ya rufe gida. Ina zaune ina kallo kamar an ɗaure ni, har ya ɗauke ɗansa na ƙarshe. Yana saka kwamfutar a leda ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, shi fa ba ya ma son shayi, wata guda yana juya shi saboda ni.

Kunya ta hana ni faɗa wa abokina sai washegari. Kafin mu isa Ataba an goge ta an sayar, da babi biyu na ƙarshen risalarsa waɗanda ba su da kwafi a ko'ina. Abokina bai zage ni ba, da ma ya zaga. A cikin jirgin ƙasa na metro ya sa na ba shi labarin tiryan-tiryan, sannan ya tambaye ni da na ƙi ninkin me zan rasa. Na ce maki ɗaya. Shekara guda ya ƙara kafin ya kare risalarsa, lokacin ya koma wani ɗakin, ban kuma samu gayyata ba.

Na tuba, ban sake zama a teburin nan ba. 'Yan'uwa masu karatu, caca haramun ce, amanar wani kuma ba abin ɗorawa a tebur ba ce. In gaskiya ta fito fili a gabanku, kada ku bar ta don kuna ganin kun iya karanta mutum, watakila shi ya rubuta abin da kuke karantawa. Har yau in na ji cokali a kofi, tambayar abokina nake ji.