Inna Mai Kati da Allon da Take Kullewa

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, Inna Mai Kati ta riga ta zauna a bayan tagarta. Takan yaye ƙyallen da ta lulluɓe kwamfuta da shi, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta ce wa na farko a layi, "Matso, ɗana, ina ke ciwo?" Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Lokacin da maigidana yake kwance, Allah ya jiƙansa, bencin da ke kallon tagarta ne wurin zamana. Na lura ko ruwa za ta ɗebo, sai ta danna maɓalli biyu tare, rubutun da ke kan allon ya ɓace. In salla za ta je, sai ta ƙara lalubar ƙasan allon, ya yi baƙi ƙirin. Abin ya tsaya min a rai. Rannan tana gama shigar da sakamakon maigidana ta miƙe, allon ya yi duhu. Na tashi na tare ta.

"Inna, kin kashe nasa?"

"Kul, 'yata! A nan ba mu cewa an kashe. Kwamfutar na kulle, allon kuma na sa shi barci. Nasa na nan yadda na bar shi."

"To, barcin na mene ne?"

"Batir ɗaya muke sha da fankar ɗakin mijinki. Shi da allo, wa ya fi jin zafi?"

Na yi dariya, rabona da ita har na manta.

A kwanakin ne likita ya gaya wa maigidana ciwon ba na tashi ba ne. Abu ɗaya ya roƙa: kada mahaifiyarsa ta ji a bakin kowa, shi zai faɗa mata in ta iso. Damuwarmu ƙaninsa, mutumin kirki, amma magana ba ta kwana a cikinsa. Ya tambaye ni, na ce ya tambayi yayansa.

"Matar yaya, ke dai har magana rowarta kike!"

Sai ya ga an kai wa Inna takardun yayansa, ta shigar, ta tafi alwala. Ina daga nesa na hango shi ya zura hannu ta taga ya juyo allon, ya kunna. Na nufi tagar da sauri. Da na ƙaraso, ba komai a kai sai ɗan gurbin da ake sa kalmar sirri. Yana ta danne-danne Inna ta dawo, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Malam, kati za a yanka maka?"

"A'a, Inna, gani na yi kwamfutar ta mutu, na ce bari in taimaka."

"Lafiyarta ƙalau. Baƙo ne ba ta yi wa magana."

Bai ji haushi ba, ita ma ba ta tozarta shi ba. Da mahaifiyarsu ta iso, maigidana ya riƙe hannunta ya faɗa mata da bakinsa, a hankali, yadda ya so. Ta rungume kansa ta yi masa addu'a, ba a waya ta ji ba, ba a bakin ƙofa ba.

Inna, ke ce mai rufa asirin wanda ba ki haifa ba. Ba ki san roƙon da ya yi ba, ban taɓa gaya miki ba. Kin kulle ne don haka kike yi wa kowa, mai mura da mai jiran ajali. Na gode, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Ku kuma da ke zaune gaban kwamfuta da sunayen mutane a ciki, in za ku tashi, ko nan da bakin famfo ne, ku kulle. Ba ku san wanda ke kwance yana jiran uwarsa ba.